Karfasa a Kogin Lu'ulu'u: Baƙon da Ya Ƙi Zama Raɓa



Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa sarin kaya Guangzhou ya san titin Liuhua, ko da bai riƙe sunansa ba. Nan otal ɗin Dongfang da China Hotel suke kafaɗa da kafaɗa, kusa da tsohon ginin baje kolin Canton Fair, wanda ya karɓi fataken duniya daga 1974 har zuwa 2008 da aka kwashe komai aka mayar Pazhou. Daga nan tafiyar 'yan mintoci ce zuwa babbar tashar jirgin ƙasa da kasuwannin tufafi irin su Baima, haka kuma zuwa masallacin da Musulmin Sin suke danganta kabarin cikinsa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, inda ake cika maƙil ran Juma'a. Abin da ɗan kasuwa bai cika ɗaga kai ya kalla ba, don hankalinsa yana kan farashi da canjin yuan, shi ne tafkin da ke gefen titin. Mutanen gari ne suka haƙa shi da aikin gayya a 1958, a wurin da dā fadama ce, domin ya riƙa shanye ambaliya.

Ma'anar Liuhua ita ce furanni masu bin ruwa. Labarin da 'yan garin suke bayarwa shi ne, a ƙarni na 10, kuyangin fadar sarakunan wannan yanki sukan cire furannin jiya daga gashinsu kowace safiya su watsa a ruwa, furannin su bi ta ƙarƙashin wata gada su wuce. Ruwan wannan unguwa har yau bai daina tafiya ba. Yana gangarawa Zhujiang, wato Kogin Lu'ulu'u, kogin kuma ya ratsa birni, ya wuce Humen da Nansha, ya faɗa teku tsakanin Hong Kong da Makau. Wannan lacca za ta bi ruwan ne daga tafki zuwa teku, ta duba waɗanda suke cikinsa yanzu da waɗanda suka tarar.

Wanda ya tsaya bakin magudanan ruwan Guangzhou ya ga abin da masu ƙugiya suke jawowa, zai yi mamaki. Kifin da ya fi yawan fitowa sananne ne ga ɗan Yawuri da ɗan Baga da ɗan Ayoru. Karfasa ce, wadda wasu ke kira gargaza. Sinawa suna ce mata luofeiyu, kuma sunan kansa ya tona asirinta: gaɓar luo daga sunan kogin Nilu take a harshensu, fei daga sunan Afirka, yu kuma kifi. Ba iyo ta yi ta zo ba. An fara shigo da irin ta Mozambik a shekarun 1950 ta hanyar Biyetnam, sannan a 1978 masana kiwon kifi suka ɗebo 'yan ƙalilan na Nilu daga Sudan. Ƙasa ce mai bakuna da yawa da ke neman nama mai araha, ga kuma kifi da ba ya zaɓen abinci, yana girma da sauri, yana jure ruwan da wani kifin zai sheƙa barzahu a cikinsa. A wannan fuska dabarar ta ci. Yau Sin ce kan gaba a duniya wajen kiwon karfasa, tana samar da fiye da tan miliyan 1.5 a shekara, kuma kusan kashi 40 cikin 100 daga wannan lardi na Guangdong yake fitowa, musamman kewayen birnin Maoming. Har ta kai ana daskare ta a kwali a mayar da ita Afirka. Ana sayar da karfasar Sin a kasuwannin Abijan, ana sayar da ita a Kisumu ta Kenya, a bakin Tafkin Biktoriya, inda ake kama 'yar uwarta da rai.

Matsalar ita ce kududdufin kiwo ba kurkuku ba ne. Kudancin Sin ƙasar guguwa ce da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Duk shekarar da kududdufai suka tumbatsa, dubban kifaye sukan bi ambaliya su shiga kogi. A arewacin ƙasar da hunturu ya gama da su, don karfasa ba ta jure ruwan da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 10 ko kusa da haka, kuma matsanancin sanyin farkon 2008 ya kashe ta da yawa har a nan kudu. Amma irin wannan sanyi ba kullum ba ne a Guangzhou. Ta samu wuri ta zauna.

Yadda take cin galaba a kan 'yan gida abin kallo ne. Uwar karfasar Nilu tana ɗauke ƙwanta a baki, ta hana kanta abinci har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan nan in 'ya'yan suka ga hatsari bakin nata suke komawa. Yawancin kifayen asali na wannan kogi watsa ƙwansu suke yi a ruwa su tafi, wanda Allah ya raya ya rayu, kuma sau ɗaya suke yi a shekara, lokacin cikowa. Ita kuwa tana iya yi sau da dama. Akwai kuma wata 'yar uwarta mai jan ciki, wadda masana ke kira Coptodon zillii, 'yar asalin kogin Kwara da Tafkin Cadi da Nilu. Wannan ƙarama ce, masu kiwo ba sa ma son ta, amma ta fi jure sanyi da ruwan gishiri, uwa da uba suna gadin gida tare, kuma tana cinye ciyayin ƙarƙashin ruwa da sauran kifaye ke fakewa a ciki su yi ƙwai. Ita ce hukuma ta sa a jerin baƙin halittu 59 da za a sa wa ido na musamman, jerin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023.

Wanda ya fi jin jiki shi ne wani kifi mai ƙaya da yawa da Sinawa ke kira lingyu. Ga mutumin Guangdong, lingyu kamar daddawa ce ga Bahaushe: ba tsada gare shi ba, amma girki bai cika ba sai da shi. Ana kirɓa shi a yi curi-curi a Shunde, ana soya shi da baƙin wake a zuba a gwangwani, sana'ar da ta haura shekara 100 a Guangzhou. Abincinsa gansakuka ne da dattin ƙasan kogi, wato daidai kwanon da karfasa ta sa hannu. Masu bincike na Cibiyar Nazarin Kifayen Kogin Lu'ulu'u, wadda take nan Guangzhou, sun bi manyan kogunan lardin suna auna kamun masunta, suka ga cewa inda karfasa ta yi yawa a taru, kamun kifayen asali yana raguwa, kuɗin da masunci ke komawa da shi gida ma yana raguwa, don karfasar kogi ba ta da daraja a kasuwa. Ga taru ya cika, ga aljihu ba nauyi.

Tarwada ma tana nan. An kawo ta daga Masar a 1981, shi ya sa sunanta a kasuwannin nan tarwadar Masar. Sinawa suna da tasu, ƙarama mai daɗin nama, amma ta Afirka ta ninka ta girma, ta fi ta ci, kuma kowa a zauren nan ya san halin tarwada: in ruwa ya ƙafe ta ja ciki ta nemi wani.

Da tarwadar nan aka yi wata shari'a da ta zaga ƙasar Sin. Mabiya addinin Buddha suna da wata tsohuwar ibada da ake kira fangsheng, wato a sayi dabbar da aka kama a sake ta don neman lada, kusan yadda wani a gida yakan sayi tsuntsu a keji ya sake shi sadaka. A Disambar 2020 wata mata a Changzhou, cikin lardin Jiangsu, ta sayi tarwadar Afirka tan 12.5 ta sa aka juye a Tafkin Changdang, tana nema wa iyalinta lafiya. Tsakiyar hunturu ne. Kifayen suka mutu tuli, ma'aikata suka kwashe kwanaki suna tsame gawa kafin ruwa ya lalace, ga fargabar waɗanda suka tsira. A 2023 wata kotu a Nanjing ta ɗora wa matar da wanda ya sayar mata biyan diyyar yuan 58,000. Niyyarta ba ta da aibu. Sai dai sadakar da ta kashe wanda aka yi wa ita, ta kuma jefa maƙwabtansa cikin hatsari, tana bukatar a sake mata suna. Tun daga Maris ɗin 2021 dokar laifuka ta Sin ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 ga wanda ya shigo da baƙuwar halitta mai mamaya, ko ya sake ta, ko ya yar da ita ba bisa ƙa'ida ba, in ɓarnar ta yi tsanani. Baƙon da ke zaune a ƙasar Sin ya kamata ya san da wannan.

Da yawa daga abin da ake saki, daga kasuwar kifin ado yake fitowa, kuma ta Huadiwan da ke ƙetaren kogi ta kasance cikin manya a ƙasar. A irin wannan kasuwa ake samun kififiya mai jan kunne 'yar Amurka, da wani kifi mai sulke ɗan kogin Amazon da Sinawa ke kira mai shara, don yana lashe dattin gilashi. In ya girma ya yi muni, sai mai shi ya kai shi magudana. A can ba mai iya cin sa saboda sulken, shi kuwa yana lashe ƙwan wasu, masunci in ya kama shi sai dai ya yi tsaki ya jefar. Akwai kuma wani kifi mai bakin kada, ɗan kudancin Amurka, wanda kan zarce mita 2. Saboda shi aka janye ruwan wani sashe na Tafkin Baiyun a nan Guangzhou a 2019, kuma a 2022 birnin Ruzhou na lardin Henan ya kwashe kusan wata guda yana zuƙe tafki sukutum, miliyoyin mutane suna kallo ta intanet, ƙarshe aka fito da kifi 2.

Wanda ya lura da bangon tafkuna da magudanai a kudancin Sin lokacin zafi zai ga wasu curi-curi masu launin hoda manne a saman ruwa, kamar an tauna cingam an liƙa. Ƙwan wani dodon koɗi ne ɗan Kudancin Amurka, da aka kawo Zhongshan, kudu da nan kaɗan, a 1981 don a riƙa ci. Har suna mai daɗi aka raɗa masa, fushouluo, dodon koɗin arziki da tsawon rai. Naman bai karɓu ba, masu kiwo suka watsar, shi kuwa ya bi hanyoyin ban ruwa ya faɗa gonakin shinkafa yana yanke dashe. Yana kuma ɗauke da wata tsutsa da ke rayuwa a huhun ɓera, wadda in ta shiga jikin mutum takan haura ƙwaƙwalwa ta haddasa wani nau'in sanƙarau. Wani masani Basine, Chen Xintao, shi ya fara bayyana tsutsar a ɓerayen Guangzhou a 1935, shi ya sa sunanta na kimiyya yake ƙarewa da cantonensis, 'yar Kanton, wato Guangzhou. A 2006 mutum fiye da 100 suka kwanta a Beijing bayan sun ci dodon koɗin da bai dahu ba. Mai zuwa cin abincin dare a gefen titi ya riƙe wannan.

Yanzu a gangara inda ruwan daɗi yake haɗuwa da na gishiri. Bakin teku a wannan yanki laka ce shimfiɗe, ruwa ya rufe ta ya janye sau biyu a yini. Mai kallo daga nesa zai ce wofi ce. A cikinta ƙaguwa da tsutsotsi da ƙumba suke, a kanta tsuntsayen da ke tasowa daga Saiberiya zuwa Ostareliya suke yada zango su ci su ƙara gaba, a gefenta kuma itatuwan mangurof suke, masu tsayuwa da saiwa cikin ruwan gishiri, inda ƙananan kifaye da jatan lande suke girma kafin su fita teku. A 1979 masana daga Jami'ar Nanjing suka kawo wata ciyawa daga gaɓar gabashin Amurka, Spartina alterniflora, don ta riƙe laka ta kare gaɓa daga zaizaya. Ta riƙe kuwa, har ta wuce gona da iri. Saiwarta tana saƙa tabarma a ƙarƙashin ƙasa, tsayinta yana fin mutum, irinta yana bin igiyar ruwa. Laka ta zama fage, tsuntsu ya rasa wurin sauka, masu tonon ƙumba suka rasa abin tono. Ya zuwa 2003 tana cikin jerin farko na baƙin halittu 16 da gwamnati ta ayyana a matsayin annoba, daga baya aka ƙiyasta ta rufe kusan hekta 68,000 na gaɓar ƙasar. Shanghai kaɗai ta kashe fiye da yuan biliyan 1 wajen yaƙar ta a tsibirin Chongming, sannan gwamnatin tsakiya ta fito da shirin kawar da kashi 90 cikin 100 nata zuwa 2025, da yanka da nutsarwa da tonon saiwa da injin haƙa.

Abin da ya faru a tsibirin Qi'ao na Zhuhai, a bakin wannan kogi, ya fi kowanne koyarwa. Ciyawar ta kusa cinye mangurof ɗin tsibirin. Sai masana suka tuna tana da rauni ɗaya, ba ta son inuwa. Aka ɗauko wani mangurof mai saurin girma ɗan Bangaladash, Sonneratia apetala, wanda aka shigo da shi Hainan a 1985, aka dasa shi tun daga ƙarshen shekarun 1990. Cikin 'yan shekaru ya yi rumfa, ciyawa ta mutu a ƙarƙashinsa, tsibiri ya koma kore. Sai dai inuwar da ta kashe ciyawa ba ta tambayar asalin wanda ke ƙarƙashinta. Mangurof na gida gajere ne, mai jinkirin girma. 'Ya'yan baƙon kuma suna yawo a ruwa, har suka tsiro a gaɓar Shenzhen da wurin tsuntsaye na Mai Po a Hong Kong, inda ma'aikata suke shiga laka suna sare su. An kori baƙo da baƙo, yanzu ana shawarar yadda za a yi da na biyun.

Ɗan Najeriya bai kamata ya yi dariya ba. A 1906 Turawan mulki suka kawo wani kwakwan ruwa mai suna nipa daga Singafo suka dasa a Kalaba, da wannan hujja ta hana zaizaya. Yau ya mamaye rafuffukan Kuros Riba da Akwa Ibom da Ribas, yana maye gurbin mangurof duk inda aka sare ko mai ya kashe, kuma masuntan can sun san kifi ba ya hayayyafa a gindinsa kamar yadda yake yi a gindin na asali.

Duk waɗanda aka ambata zuwa yanzu gayyato su aka yi. Akwai kuma masu shiga jirgi ba tikiti, kuma a nan ne maganar ta taɓa kowane mai kwantena a zauren nan. Jirgin dakon kaya in ya sauke lodi yakan yi sakayau, farfelarsa ta ɗago, iska ta riƙa wasa da shi. Don haka sai ya zuƙi ruwan tashar da yake ya cika wasu manyan tankuna a cikinsa, ya yi nauyi. In ya isa inda zai ɗauki kaya sai ya amayar. Ana kiran wannan ruwan balas, kuma biliyoyin tan nasa ake zagawa da su duniya kowace shekara, da duk abin da ke ciki: ƙwai, tsutsar ƙumba da ƙaguwa, ƙwayoyin cuta. Wasu kuma a jikin jirgin suke mannewa daga waje. Ta haka wata baƙar ƙumba 'yar yankin Karebiyan ta bayyana a Hong Kong wajen 1980, ta bazu a tashoshin kudancin Sin, tana liƙe wa raga da igiyoyin masu kiwon kawa, tana kore na gida daga kan duwatsu.

Kogin Lu'ulu'u shi ma ya aika wa duniya nasa tsarabar. Akwai wata 'yar ƙumba ruwan zinariya, ba ta wuce ɗan yatsa ba, 'yar asalin kogunan kudancin Sin, da a gida ba wanda ya damu da ita sosai. A 1991 aka gan ta a bakin kogin Plata na Ajantina, guda 4 ko 5 a kowace murabba'in mita. Cikin 'yan shekaru aka ƙirga har 150,000 a irin wannan fili. Ta haura kogin Parana tana cin kusan kilomita 240 a shekara, ta toshe bututan ruwan sha da na sanyaya injuna, ta isa madatsar Itaipu da ke ba Barazil da Faragwai lantarki, tana hawa kan ƙumbar gida ta rufe ta har ta kasa buɗe baki. A Oktoban 2024 aka tsince ta a tashar Stockton ta Kalifoniya. Ƙaguwar Sin mai gashi a hannu, wadda ake biya da tsada a gidajen abincin Shanghai, ta riga ta yin wannan tafiya: tun 1912 aka gan ta a Jamus, yanzu tana rarake gaɓar kogin da ya ratsa Landan. Mafi muni a tarihin ruwan balas shi ne na Baƙin Teku, inda wata halitta mai kama da kitsen ruwa, 'yar gaɓar Amurka, ta shiga a farkon shekarun 1980, ta cinye abincin ƙananan kifaye da ƙwansu, kamun masuntan Turkiyya da Tarayyar Sobiyet ya rushe kafin 1990.

Hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniya a kan wannan ruwa a 2004, amma sai ranar 8 ga Satumban 2017 ta fara aiki. Shekara 13 ana jiran ƙasashe masu manyan jirage su sa hannu, halittun kuwa ba su jira kowa ba. Najeriya ta shiga tun 2005, Sin kuma yarjejeniyar ta hau kanta a Janairun 2019. Da farko abin da ake nema shi ne jirgi ya canza ruwansa a tsakiyar teku, mil 200 daga gaɓa. Daga Satumban 2024 kuwa dole ne ya kasance da na'urar tace ruwan da kashe abin da ke ciki, da haske ko da sinadari. A takarda ke nan. Na'ura tana lalacewa, matuƙi yana sauri, kuma doka ba ta fi ƙarfin ma'aikacin da zai hau jirgi a Apapa ko Leki ko Kwatano ya ɗebi ruwa ya kai ɗakin gwaji ba. Jiragen da ke tashi daga Nansha da atamfa da babura da fale-falen sola su ne dai suke komawa da nauyin ruwan Legas a cikinsu. Masuntan gaɓar Najeriya sun fara ganin wani ƙaton jatan lande mai zane, ɗan tekun Indiya da Fasifik, a tarunsu tun ƙarshen shekarun 1990. Shi dai ya zo da kuɗi, don yana da tsada. Na gaba ba lalle ya zo da su ba.

Kwamitin masana na duniya kan halittu ya fitar da rahoto a Satumban 2023 cewa ɗan Adam ya kai ire-iren halittu fiye da 37,000 wuraren da ba nasu ba, fiye da 3,500 daga ciki sun zama masu ɓarna, asarar da suke jawowa ta haura dala biliyan 423 a shekara, kuma suna da hannu a kashi 60 cikin 100 na halittun da aka san sun ƙare a duniya. Sin kaɗai ta ƙirga fiye da 660 a ƙasarta. Alƙaluman suna nuna wani abu da ake yawan mantawa: mafi yawan baƙi ba sa yin komai, wasu ma su ne abincinmu. Masara da rogo da tumatir da barkono duk baƙi ne a ƙasar Hausa. Ɗaya cikin goma ne yake zama bala'i, kuma ba a cika gane shi ba sai ya riga ya yi saiwa.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa ba karfasa ce ta fara kashe Kogin Lu'ulu'u ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Madatsun ruwa sun tare wa kifaye masu hijira hanya, an yashe rairayi, an kama fiye da kima, masana'antu sun zuba dattinsu. Wani kifi mai daraja da ake kira shiyu, wanda dā yake haurowa daga teku duk bazara, ya ɓace daga kogin ba tare da wani baƙo ya taɓa shi ba. Abin da ya rage ruwa ne mai ɗumi, mai datti, marar gudu, irin wanda karfasa da mai shara suke so. Mutanen Hadeja da Nguru sun san wannan karatu. Kacala ba daga wata nahiya ta zo ba, amma da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yadda ruwa yake cikowa ya janye, sai ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsun jan baki. Kainuwa kuwa, da ake ce mata dashen Allah, mai shuɗin furen nan da ta rufe rafin Badagiri a 1984 ta kuma hau kogin Kwara, dashen mutum ce: daga Kudancin Amurka aka yaɗa ta duniya don kyan furenta. Tana cikin jerin 59 ɗin nan na Sin, ita da kainuwar da Bahaushe ya sani tun fil azal. Giwan ruwa da ake ba da mota saboda shi a gasar Argungu, shi ne aka zuba a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya share ire-iren ƙananan kifaye kusan 200 da babu su ko'ina a duniya sai can.

Ga masu sauraro, maganar ta sauko kan abubuwa ƙanana. Kiwon kifi yana bunƙasa a Kano da Kaduna da Yamai, kuma wanda ya zaga kasuwannin nan zai ga iri-iri masu saurin girma da za su ba shi sha'awa, a leda da iska, masu shiga jaka. Hajiyar da ta ƙawata falonta da akwatin gilashi wata rana za ta gaji da shi, kuma kududdufin bayan gida yana haɗe da rafi, rafi yana haɗe da kogin Hadeja ko na Rima. Hukumar killace dabbobi da tsirrai da ke tare mutum a filin jirgi tana ɓata rai, amma a wannan babi ita ce mai gaskiya. Ƙasar da ke da kuɗin zuƙe tafki don kifi 2 har yanzu ba ta iya fitar da karfasa daga kogi ɗaya ba. Ko hutun su da ake yi a Kogin Lu'ulu'u daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kowace shekara, don kifayen gida su yi ƙwai, baƙin ma suna cin moriyarsa.

Wanda ya hau saman bene a titin Liuhua ya dubi arewa maso gabas ranar da sama ta washe zai hango Dutsen Baiyun, Dutsen Farin Gajimare. A wata ƙorama ta wannan dutse, a 1932, wani jagoran 'yan sikawut mai suna Tan ya kamo wani ɗan kifi da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai jan wutsiya da zane mai ƙyalli a gefe. Masana suka ga ba a taɓa rubuta shi ba, suka sa masa sunan Tan da na dutsen. Birni ya faɗaɗa, ƙoramu suka ƙafe ko suka gurɓace, ga kuma wani ɗan kifin Amurka da aka baza a ƙasar don ya ci tsutsar sauro, wanda yake haɗawa da 'ya'yan kifin Tan. Daga wajen 1980 aka shafe fiye da shekara 20 ba wanda ya gan shi a daji, har aka ɗauka ya ƙare, sai a farkon shekarun 2000 aka tarar da 'yan tsiraru a wasu ƙoramu na bayan gari. Yanzu yana ƙarƙashin kariyar doka. Na kiwo kuwa suna cike da shagunan kifin ado daga Guangzhou har Landan, da araha ƙwarai, har wasu suna sayen su da yawa don ciyar da manyan kifayensu.